Layin da Ke Tada Tsohuwa

Ranar Litinin na faɗa wa Yaya cewa na samu aiki a wani gari, kuma an ba ni zuwa ƙarfe goma sha biyu na ranar Alhamis in ce e ko a'a. Yana tsaye a bakin injin yanka takarda, da fensir maƙale a kunne. Bai ce mini barka ba, bai ma tambayi wane irin aiki ba ne. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗan ɗakina, ya ce, "To, Tsohuwa fa?"

Tsohuwa ba mutum ba ce. Na'ura ce a maɗaba'ar Babanmu, ita ke ƙona shafuka a jikin faranti kafin a ɗora farantin a kan injin bugu. In babu faranti babu bugu, kowa sai ya naɗe hannu. Baba ya sayo ta hannu na biyu tun ina firamare, kamfanin da ya ƙera ta kuwa ya daɗe da rufe ƙofa. Aikinta tsaf yake, ba ta da matsala sai guda ɗaya: ba ta jin maganar kwamfutocin yanzu. Na'urori suna da ƙa'idar da suke bi su aika wa juna saƙo ta cikin waya, mu a wajen aiki yare muke ce mata, kuma yaren da aka ƙera Tsohuwa da shi an bar shi tun da daɗewa. Kwamfuta ɗaya ce a duk ginin ke iya yi mata magana. Ita ma ba ta iyawa sai na zauna a gabanta da safe na buga layi ɗaya.

Shekara shida ke nan haka muke. Ƙarfe bakwai da rabi Dogo zai kunna wuta, shi ne ke riƙe da injin bugu tun kafin a haife ni. Yaya zai fito da Baba daga mota ya zaunar da shi a kekensa, ya tura shi gefen Tsohuwa, domin tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi shekara huɗu da suka wuce ya ƙi yarda a bar shi a gida. Ni kuma in shige ɗakina. Ɗaki nake ce masa don girmamawa, amma ƙarƙashin matakala ne, da can ma'ajiyar tawada. Ba taga. Ƙofar ba ta buɗewa duka, sai in karkata in shiga ta gefe, kuma in na miƙe tsaye da sauri sai matakala ta gaisa da ƙeyata. Zan buga layin, fitilar Tsohuwa ta koma koriya, Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, sannan a fara aiki.

Na zo da zazzaɓi. Na zo da haƙori a kumbure, kumatuna kamar na ɓoye lemo a ciki. Ƙawata ta haihu a wani gari, ban ga yaron ba sai da ya fara tafiya, shi ma ita ta kawo mini shi. Ko ganawar neman aikin nan a cikin ɗakin na yi ta, ta waya, injin yanka yana ta dukan ƙasa a bayana, har shugabar sashen da zan shiga ta tambaye ni ko gini ake yi a gidanmu. Aikin kula da manyan kwamfutocin wani kamfani ne, irin wanda na yi karatu dominsa. Gwaggo, wadda ke zaune a garin, har ta kwashe kayan ɗinkinta daga ɗaki ɗaya ta ce nawa ne.

Na ce wa Yaya ya ba ni kwana biyu, zan sa Tsohuwa ta riƙa tashi da kanta. Ya yi mini wani irin kallo da ban gane ba a lokacin, ya zare fensirinsa ya koma kan aikinsa.

Yanzu bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba a shagon nan. A can cikin kowace kwamfuta akwai ƙwayar manhaja da muke kira kanel. Ita ke fara tashi in an kunna, ita ke magana da ƙarafan, sauran manhajoji duk a kanta suke zaune. Yawancin mutane yadda aka ba su haka suke amfani da ita. Amma kana iya gina taka, kuma dole ta sa na gina tawa, saboda wadda ake rabawa ba ta zuwa da yaren Tsohuwa. In za ka gina, sai ta jero maka tambayoyi, dubbai, a kan kowane ɗan abu: kana so ko ba ka so? Amsa uku ce, kowace da harafi ɗaya ake ba da ita. Ko ka ce a'a, a bar shi. Ko ka ce e, a gina shi a cikin jikin ƙwayar, ya riƙa tashi tare da ita kullum. Ko kuma ka ce a yi shi amma a ajiye a gefe, guntu dabam, sai an kira shi ya zo. Layin da nake bugawa kowace safiya kiran guntun nan ne, ba wani abu ba.

Me ya sa na ajiye shi a gefe? Da farko dai laifin malaminmu ne, wani siririn mutum da ya tsani kanel mai ƙiba kamar yadda wasu suka tsani ƙuda a shayi. Shi ya koya mana cewa duk abin da ba kowa ke bukata ba a ajiye shi a gefe, kuma yakan rage maki in ya ga ka cusa abu a ciki. Na fito makaranta da ɗabi'ar nan a jinina. Lokacin da tsohuwar kwamfutar shagon ta mutu na haɗa wata, da na iso kan tambayar yaren sai yatsana ya zaɓi gefe tun kafin kaina ya yi tunani. Da yamma na gwada, na kira guntun da hannu, komai ya yi. Na manta ban rubuta ɗan umarnin da zai sa ya riƙa ɗora kansa ba.

Washegari na makara. Na iso na tarar da shago a hargitse, wanda ya kawo aikin bugu yana tsaye yana duba agogo, Yaya ya cire kebul ya mayar ya fi sau goma, Dogo yana ba da shawarar a ɗan doki gefen na'urar. Baba, lokacin yana kan ƙafafunsa, yana ta faɗa. Na shige na buga layin, fitila ta koma koriya. Sai Baba ya juyo ya dubi ma'aikata, ya ce, "Kun gani? Ku duka da gemunanku. Sai da Auta ta zo."

Wanda bai san Babanmu ba ba zai gane ba. Mutum ne da in ka kawo sakamakon jarrabawa na biyu a aji zai tambaye ka wa ya zo na ɗaya. Lokacin da na ce kwamfuta zan karanta, cewa ya yi wasan yara ne da ake yi a zaune. Ban taɓa jin ya yabi wani a gaban mutane ba sai ranar, kuma ni ce. Na ce a raina da yamma zan gyara. Da yamma ta yi na ce gobe. Gobe kuma da na shigo na ga duk shagon yana jirana, Baba yana kallon ƙofa, sai na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yaya ya taɓa cewa in rubuta masa layin a takarda saboda tsaro. Na ce masa ai ba iri ɗaya ba ne kullum, ya danganta da yadda na'urar ta kwana. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ya karɓa.

Daɗin bai wuce shekara ɗaya ba. Daga nan ya zama igiya. Amma ta yaya zan fito in ce harafi ɗaya ne ya hana ni zuwa ko'ina, kuma ni na sa shi? Kowace shekara da ta wuce faɗin ya ƙara nauyi, bayan ciwon Baba kuwa ban ma ƙara tunanin faɗa ba.

Ranar Talata bayan na tada Tsohuwa na rufe ƙofa na fara. Tunda zan tafi, na ce gara in bar musu sabuwar ƙwaya, wadda za ta daɗe ba a taɓa ta ba. Na sauko da sabon tushen manhajar, na buɗe jerin tambayoyin, na shiga ɓangaren sadarwa. Yarukan na nan jere, wanda duniya duka ke amfani da shi, da na rediyon masu sha'awa, da na motoci, da wasu da ban taɓa ganin mai amfani da su ba. Na Tsohuwa babu. Na haura sama, na sauko ƙasa, na sake bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa a jikin gilashi kamar mai koyon karatu. Babu shi.

Abin da na ji a lokacin shi ya fi ba ni haushi har yau. Sanyi na ji a raina. Na ce shi ke nan, sun cire, ba laifina ba ne, zan faɗa wa Yaya abin ya gagara, in rubuta wa shugabar cewa na so zuwa amma hali bai yi ba. Har na fara shirya kalmomin. Sai na tsaya na tambayi kaina, ke wai wa kike yi wa wayo? Ko da sun cire, tsohon tushen yana nan a faifan, da shi ma zan iya ginawa. Ni da nake kuka an ɗaure ni, ga shi an nuna mini ƙofa a rufe ina murna.

Ban samu damar fita in sha iska ba ma, domin a daidai lokacin motar takarda ta iso, masu sauke kaya suka jibge damman takardu a jikin ƙofata. Ba wanda ya tuna akwai mutum a ciki. Na tura, ko motsi. Na buga, injin bugu ya cinye ƙarar. Na kira wayar Yaya tana ta ringin a kan teburinsa. Sai bayan kusan awa ɗaya Dogo ya leƙo ta tsagar ƙofa ya ce ashe Injiniya na ciki, in yi haƙuri, sai an gama bugun da ke kan inji kafin a samu hannun kwashewa. Ya zuro mini ruwan roba da biskit ta tsagar, ya ƙara da cewa ai dama ba fita nake yi ba.

Tunda ba inda za ni, na koma na bincika da kyau. Ashe ba cire shi suka yi ba, ɓoye shi suka yi. Akwai wata tambaya can sama da ke cewa ko kana son ganin abubuwan da aka daina kula da su. In ka ce a'a, duk sai su ɓace daga jerin kamar ba a taɓa yin su ba. Na ce e. Sai ga shi ya fito a ƙasan jerin, da ɗan bayani a gefensa: tsohon yare ne, wanda ke kula da shi ya ajiye aikin, ba a san ko akwai sauran masu amfani da shi ba. Layin ƙarshe kuma ya ce in ba ka da tabbas, ka ce a'a.

Na daɗe ina kallon wurin amsar. Harafin gefe na nan inda na bar shi shekara shida, domin duk ginin da na yi a tsakani tsohon fayil ɗin amsoshina nake kwafowa. Na goge shi na sa e. Ko daƙiƙa biyu bai ɗauka ba. Sannan na ba da umarnin gini, kwamfutar ta fara nishi, rubutu yana ta gudu a gilashi, fankarta tana hura mini zafi a gwiwa. Awa uku ta yi tana abu ɗaya. Lokacin da suka kwashe takardun suka buɗe ni, rigata ta jiƙe sharkaf, kuma Baba yana tambayar Yaya da hannu ina na shiga tun safe.

Ranar Laraba da rana, da ma'aikata suka fita cin abinci kuma Baba ya ɗan yi gyangyaɗi a kekensa, na kashe komai na kunna da sabuwar ƙwayar. Na ɗora hannuwana a kan cinya don kada su yi abin da suka saba. Kwamfutar ta tashi. Na leƙa waje, fitilar Tsohuwa koriya shar. Na kashe na sake kunnawa, koriya. Sau biyar na yi, ina fatan ko sau ɗaya ta ƙi, ko don in ce abin yana da wuya. Ba ta ƙi ba. Na ji kamar in ɗauki allon rubutun in maka shi da bango.

Da aka tashi aiki ƙarfe biyar, Dogo ya tura Baba waje ya sha iska, na tsayar da Yaya a bakin injin yanka. Na faɗa masa komai, da malamin, da harafin, da ƙaryar da na yi masa a kan takarda. Na shirya wa faɗa. Na ma fi son ya yi faɗan, domin Yaya in ya yi faɗa ya gama ke nan. Sai ya ci gaba da share gutsattsarin takarda daga kan injin da gefen hannunsa, ya ce ya sani.

Ya ce shekara uku da suka wuce, ranar da mai gyaran fitilar ƙona faranti ya zo, ni na fita sayo kebul. Mutumin ya leƙa ɗakina, ya tambayi yadda ake tada na'urar, da aka ba shi labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan ai aikin minti biyar ne, in ana so ya yi yanzu. Yaya ya ce masa a bar shi.

Na ce, "Shekara uku kana kallona ina zuwa da zazzaɓi?"

Ya ce, "Ina kallonki."

"Don me?"

"Da an gyara da kin tafi tuntuni. Ki bar ni da shago, ki bar ni da shi." Ya nuna ƙofa da haɓa, inda keken Baba yake. "Ni nake ɗaga shi, ni nake yi masa wanka, ni yake zagi in maganar ta ƙi fita. Ke kaɗai ce in kin shigo yake sakin fuska. Na ce ko ba komai ina da wannan rabin awar ta safe."

Na so in ji haushinsa, na nema ban samu ba. Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, shi ma ya taɓa samun gurbin karatu ya bari saboda shagon nan, kuma ban taɓa jin ya ambata ba sai dai a bakin Gwaggo. Na lura furfura ta cinye masa gefen kai, ban san yaushe ba. Ga mu nan, maƙaryata biyu a kan harafi ɗaya. Daga baya ya ce in tafi abina, ya yafe, ni ma in yafe. Amma kada a faɗa wa Baba da baki tukuna, likita ya hana a tayar masa da hankali. Gara ya gani da idonsa cewa Tsohuwa na tashi ba ni, in ya ga aiki na tafiya sai a lallaɓa a gaya masa sauran. Muka shirya cewa gobe ba zan shigo ba, in tsaya a tsallaken titi har a fara bugu, sannan in tura amsata.

Ranar Alhamis na riga su fita daga gida. Na tsaya a rumfar jiran mota da ke fuskantar shagon, inda nake hango ƙofa da rabin jikin Tsohuwa. Ban taɓa ganin shagonmu daga nan da safe ba. Ashe allon sunan ya koɗe haka, ashe mai kantin magani na kusa da mu yana da kyanwa. Na ga Dogo ya ɗaga ƙofar ƙarfe. Na ga motar Yaya ta tsaya, ya fito da keken, ya rungumo Baba ya zaunar. Bakwai da rabi da minti huɗu wayata ta yi ƙara, saƙon Yaya ne: ta tashi. Na buɗe saƙon shugabar, na rubuta cewa na gode, na karɓa, zan iso ranar da suka ce. Na bar yatsana a kan wurin turawa ina jiran in ji ƙarar injin bugu, domin haka muka yi da Yaya.

Ƙarar ba ta zo ba. Takwas ta yi, shiru. Na ga wani mutum mai jakar hannu ya shiga, na gane shi, shugaban wata makaranta ne da muke buga wa takardun jarrabawa, kuma na san gobe yaransa za su zauna. Takwas da kwata Yaya ya kira. Ya ce Baba ya tura kekensa da ƙafa ɗaya har bakin Tsohuwa, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan inda ake zura faranti, ya ce ba a sa komai. An nuna masa fitila. Dogo ya rantse masa koriya ce. Yaya ya ce a bari a fitar da faranti ɗaya na gwaji ya gani, Baba ya ƙi ɗaga hannun. Abu ɗaya yake maimaitawa, ba ta zo ba.

Na ce wa Yaya ya ƙara lallashinsa, zai gaji. Ya ce to.

Ban san Babanmu ba ke nan, ko kuma na yi kamar ban san shi ba. Tara ta yi. Motoci suna tsayawa a gabana, direbobi suna tambayata ina za ni, ina girgiza kai. Rana ta ci rabin rumfar, na matsa, ta biyo ni. Shugaban makarantar ya fito ya yi waya yana yarfa hannu, ya koma. Na faɗa wa kaina cewa wannan shi ne gwajin na gaskiya, in na tsallaka yau to na tsallaka ke nan har abada. Na faɗa wa kaina cewa ba a mutuwa don an jira. Na tuna ɗakin Gwaggo, ta ce yana da taga biyu, ɗaya tana kallon bishiya. Na riƙe wannan da ƙarfi na kusan awa ɗaya.

Wajen goma saura sai na fara jin muryarsa. Tun ciwon nan Baba ba ya ɗaga murya, kalmomin suna fito masa a murɗe, shi ya sa ya fi son nuni da hannu, don yana jin kunyar a ji. Yanzu ga shi yana kira da iyakar ƙarfinsa, har tsallaken titi, a gaban baƙo da ma'aikata. Sunan bai fita daidai ba, rabinsa ne kawai, amma na san nawa ne. Ya kira, ya huta, ya sake kira. Mai kantin magani ya fito ya leƙa. Sannan na ga Yaya ya fito bakin ƙofa. Bai ɗaga mini hannu ba, bai kira wayata ba, ya tsaya kawai yana kallona, hannuwansa a sake.

Na tsallaka. Fuskar Baba ta yi ja, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, hannun da ya ɗora a kan na'urar yana nan bai ɗaga ba. Da ya gan ni bai yi faɗa ba. Ya nuna ɗakina da ido. Na karkata na shiga, na zauna, na buga layin da ƙarfi yadda zai ji ƙarar maɓallan daga waje. Kwamfutar ta amsa mini da ɗan gajeren rubutu cewa abin da nake kira yana ciki tun tuni. Na leƙo na ce, "Ta tashi, Baba."

Ya dubi fitilar da ta yi awa biyu da rabi tana koriya, ya ce, "Yauwa." Ya ɗaga hannun. Dogo ya zura faranti, ba a jima ba injin bugu ya ɗauka, ƙasa ta fara rawar da na saba ji a tafin ƙafata. Baba ya yafito ni, na durƙusa kusa da keken. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, ina ganin yadda suke ba shi wuya, sannan ya ce, "Gobe kar ki makara."

Na koma ɗakin na ja ƙofa. Saƙon na nan a wayata yadda na rubuta shi, ban tura ba, ban goge ba. Sha ɗaya da rabi Yaya ya leƙo ta tsaga ya ce in tura kawai, zai san yadda zai yi da Baba, ƙila in an yi sati ɗaya ya saba. Bai gama rufe baki ba Baba ya yi tari a waje, Yaya ya juya da gudu har yana tuntuɓe da damin takarda.

Sha biyu saura minti goma shugabar ta kira da kanta. Mace ce mai kirki, ta tuna da maganar na'urar da na yi mata a ganawa, ta tambaya ko ita ce ta riƙe ni, in haka ne za su iya ƙara mini sati biyu in kammala. Na ce mata a'a, na'urar ta gyaru, ba ta bukatata ko kaɗan. Ta ce to mene ne? Na ce mata dai ba zan samu zuwa ba, ta ba wanda ke bayana. Ta ce ta ji ba daɗi, ni ma na ce haka.

Sabuwar ƙwayar na nan tana aiki, ko sau ɗaya ba ta ba da matsala ba, gini ne mai kyau, na yarda da hannuna. Dogo ya sani yanzu, Yaya ya sani, ba wanda ke ɗaga maganar. Gwaggo ta mayar da keken ɗinkinta ɗakin. Ƙarfe bakwai da rabi nakan karkata in shiga, in zauna, in buga layin da ƙarfi, kwamfutar ta ce mini yana ciki tun tuni, in leƙo in ce ta tashi. Wata na takwas ke nan ban makara ba.